Wayar da Yaya Ya Yanke

Na taɓa kwantawa a kan wani namiji da ba mijina ba, ba kuma muharramina ba, a tsakiyar fili, rana tsaka, mutane suna kallo. Na yi haka ne don kada a kashe shi. Malamin makaranta ne, Kirista, mutumin kudu da aiki ya kawo shi Tamale, kowa Ticha yake ce masa. Waɗanda suke neman ransa kuwa abokan yayana ne, mutanen da suka ci tuwon gidanmu tun ina rarrafe.

Yayana takalma yake sayarwa a kasuwa, amma ba nan zuciyarsa take ba. Yana da wata tsohuwar motar Jamus, ja, wadda na tabbata ta girme ni. A tsakar gidanmu na unguwar Dabokpa take kwana, daidai inda ya kamata a yi shanya. Yakan wanke ta kafin ya wanke fuskarsa. Ni tela ce, shagona a zauren gidan yake, saboda haka duk hayaƙin da take tofarwa da safe a kan kayan mutane yake sauka. Na tsani motar nan tsana ta gaske, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Ba shi kaɗai ke fama da wannan ciwon ba. Suna da ƙungiya, akwai mahauci a ciki, abokinsa tun na yarinta, akwai wani dillalin shanu mai farar mota, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati, da Ticha. Duk Lahadi suke haɗuwa a wani fili a Changli. Ba tsere suke yi ba. A ina ma za ka yi tsere a garin da babura da yeloyelo, kekunan haya masu ƙafa uku, suka cike kowace hanya? Nasu wasan na bazara ne, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, kuma tsayuwa suke kiransa. Sai a jera motoci a rana, kowa ya tayar da injinsa ya taka totur, motar tana tsaye wuri ɗaya. Wani dattijo, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, shi ne alƙali. Yana zagayawa yana leƙa allurar zafi ta kowace mota. Wanda allurarsa ta wuce rabi ya fita, a yi masa ihu. Wanda ya rage shi ne gwani. Sai ya kashe injin, ya ɗaga bonet, ya sha ruwa a hankali ana yi masa tafi, sannan ya murɗe murfin lagireto da hannunsa, babu tsumma, don kowa ya shaida motarsa ba ta tafasa ba. Manya da gemunsu fa, masu 'ya'ya a makaranta.

Ticha ne kaɗai ba ya son wannan buɗe murfin. Kowa Chale yake ce wa, wato aboki. Da Hausarsa ta kasuwa yakan ce musu, "Chale, wanga abu ba kyau. Ruwa yana ciki, ba ka gani shi. Wata rana zai ci mutum." Su yi masa dariya, su ce tsoron mutanen kudu ne.

Kimiyya yake koyarwa, kuma hannunsa na da kyau a harkar waya. Yawancinsu fankar da ke sanyaya injin a ɗaure take kai tsaye, da an murɗa makulli sai ta kama juyawa har a kashe mota. Ta Yaya da haka ta ƙone, dillalin shanu ya kayar da shi a tsayuwa, ya kuma sake kayar da shi. Yaya ya daina cin abinci sosai. Ticha ne ya samo masa wata babbar fanka, ya zo gidanmu ya wuni a ƙarƙashin bonet, ya haɗa ta yadda ba za ta tashi ba sai injin ya ɗauki zafi, in ya huce ta tsaya da kanta. Na ba shi kujera ya ƙi zama. Lemo kawai ya sha. Ya ce mini, "Sista, yanzu mota ya san lokaci da yana so iska." Irin wannan aikin ya taɓa yi wa dillalin ma, don shi ba ya hana kowa.

Aikin ya yi kyau, amma Yaya bai samu natsuwa ba. Sai allura ta hau ta kusa rabi fankar ke tashi, shi kuwa rabin nan ne abin tsoronsa. Yana ganin idan dattijon ya leƙo a daidai wannan lokacin, shi ke nan an fitar da shi.

Ranar Lahadin da abin ya faru, da safe na dawo daga sayen koko na tarar da shi ya sunkuya a cikin injin, almakashina na yanka atamfa a hannunsa. Duk telan da ya ji wannan ya san abin da na ji.

Na ce, "Yaya, me kake yanka da almakashina?"

Ya ce, "Waya ɗaya ne kawai, ki bar ihu."

Na fizge na duba, ga gurbi a bakinsa. Ban san lokacin da na cire takalmina na wurga wa ƙofar motar ba. Da shi na jefa da ya fi sauƙi. Ya cafke wuyan hannuna ya murɗe har sai da na durƙusa, kokon ya zube a ƙasa, ni kuma na gantsara masa cizo a damtse. Mma, mahaifiyarmu, tana ɗaki tana kiran sunayenmu tana cewa ba za mu kashe ta ba. Haka muke da shi tun muna yara, shi da hannu, ni da haƙori.

Da ya sake ni sai ya kama dariya, don Yaya ba ya iya riƙe wayonsa a ciki. Ya nuna mini wayar da ke tasowa daga kan injin ta kai wa allura labarin zafi. Ita ya yanke. Ya ciro wani ɗan mitsitsin abu daga tsohuwar rediyon Baba ya ɗaura a bakin wayar, ya ce yanzu allura za ta hau kaɗan ta tsaya ƙasa da rabi, ko da injin wuta yake ci. Salatif ɗinsa ya ƙare, sai ya shiga shagona ya ɗauki ƙyallen wata koriyar atamfa da na ɗinka wa kaina, ya naɗe wurin da shi. Ya ce, "Fanka zai yi aikinsa, allura zai yi nawa. In Ticha ya ji maganan nan, sai na ƙarasa karya hannun."

Abin da bai sani ba, ni ma sai daga baya na sani, shi ne Ticha a kan wannan wayar ya ɗora fankar. Daga nan take jin cewa injin ya yi zafi. Da ya yanke ta, ya rufe wa allura baki, ya kuma toshe wa fanka kunne.

Ban saba zuwa filin ba. Ranar na je ne don haushi, na sa koriyar atamfata, ina addu'a a zuciyata Allah Ya sa dillalin shanu ya sake kayar da shi in yi guɗa. Na samu inuwar darbejiya kusa da wata Bafillatana mai nono da ke zuwa daga wajen Gumani, na zauna.

Aka tayar da injinan. Ƙarar ba ta misaltuwa, ko wanda ke gefenka ba ka jin maganarsa. Hayaƙi ya turnuƙe, rana tana dukan kwanon motocin. Dattijon yana zagayawa da hularsa a hannu, ya leƙa nan, ya leƙa can, ya daki bayan mota, mai ita ya fito yana zagi. Ɗaya bayan ɗaya suka fita har ya rage ja da fara. Yaya yana zaune a ciki, gumi ya jiƙa rigarsa, yana murmushi. Sai na fara jin wani wari, irin na dutsen guga da aka manta a kan zani.

Ticha ma ya ji. Daga coci ya zo, da farar rigarsa da gilashinsa. Na ga ya matsa kusa da jar motar, ya kara kunne a gaba, ya ja da baya da sauri. Ya buga gilashin taga yana magana, Yaya ya nuna masa allura da yatsa, ya kore shi da hannu. A daidai lokacin dattijon ya daki bayan farar mota. Wurin ya kaure da ihu. Mahauci ya ciro Yaya daga mota ya ɗaga shi sama.

Aka kashe injin, aka ɗaga bonet. Yanzu da ƙarar ta lafa kowa ya ji muryar Ticha.

"Chale, kar ka buɗe! Fanka bai tashi ba! Ko sau ɗaya bai tashi ba!"

Ya riƙe hannun Yaya. Mahauci ya ture shi yana dariya, ya ce, "Ticha, je ka zauna, nan ba aji ba ne." Yaya bai ko sha ruwan da aka miƙo masa ba. Ya naɗe hannun riga, ya sunkuya, fuskarsa a kan lagireto, ya murɗa.

Murfin ya tashi sama, ban ga inda ya faɗi ba. Ruwa mai launin tsatsa da tururi suka taso suka dake shi a hannu da fuska da wuya da ƙirji. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya faɗi da baya yana birgima a ƙasa. Ya kai hannu ya shafi fuskarsa, fatar goshinsa ta biyo hannun. Na ruga. Mai nonon ta riga ni, ta juye masa ƙwaryarta gaba ɗaya a fuska tana salati. Nono da jini da ƙasa suka haɗu. Ina riƙe da kansa a cinyata, yana cewa idona, idona.

A bayana na ji muryar mahauci. Ba dariya a cikinta yanzu.

"Yaya aka yi ya sani? Ku gaya mini, yaya aka yi ya san fanka bai tashi ba?"

Wani ya ce ai shi ya haɗa wayar. Wani ya ce ai shi ya yi wa dillali aiki ma. Shi ke nan, hukunci ya yanku. Gargaɗin da ya yi shi ya zama shaidar laifinsa. Dillalin ya ga inda aka dosa, ya faɗa motarsa ya kulle, suka fasa masa gilashin baya da dutse, ya fizgi mota ya tsere. Ticha bai gudu ba. Yana tsugune yana neman ruwan sanyi a jarkoki don a zuba wa Yaya.

A tsugunen mahauci ya same shi. Marin farko ya cire masa gilashi, na biyu ya kai shi ƙasa. Suka rufe shi da shuri, a ciki, a baya, a kunne. Ya naɗe yana kare kansa da hannuwa, yana cewa, "Ban yi ba, don Allah, ban yi ba," da Hausa, da Turanci, da harshensu. Wani ɗan kasuwa da na ɗinka wa matarsa kayan suna ya buɗe but ya ɗauko sifanar taya. Suka take hannun Ticha na dama a ƙasa, suka ce wannan ne ya haɗa wayar. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Dattijon yana ta cewa ku bari, ku bari, babu mai jin sa. Matan da ke talla suka kwashi kayansu suka watse.

Na san gaskiya, kuma na san abin da faɗinta zai jawo. Yayana yana cinyata, rabin fuskarsa ta saɓule. Idan na buɗe baki, ba fuskar kaɗai zai rasa ba. A wajen mutanen nan maƙaryaci zai zama har ya mutu, ɗan maguɗin da ya dafa kansa da kansa, kuma ba shi da wasu mutane a duniya sai su. Tsoro ya kama ni, tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi duka.

Sai na ga mahauci ya nufi wani gini da ba a gama ba a gefen filin, ya ɗauko bulo da hannu biyu.

Na ajiye kan Yaya a hannun mai nono na tashi. Na yi ihu, ba wanda ya juyo. Na kutsa tsakaninsu, na faɗa a kan Ticha, na rufe kansa da ƙirjina. Sifanar da aka riga aka ɗaga ta sauka a kafaɗata ta hagu, hannun ya mutu nan take. Wani ya shure ni a ƙugu kafin ya gane ko wace ce. Jinin kunnen Ticha yana shiga wuyan rigata, ɗumi.

Mahauci yana tsaye a kanmu da bulo a sama. Ya ce, "Tashi. Wallahi ki tashi ko in haɗa da ke."

Na ce, "Yaya ne ya yanke wayar."

Ya jefar da bulon gefe, ya damƙi ɗankwalina da gashina ya ja ni, ya kwaɗa mini mari har na ga wuta. Ban saki Ticha ba, da hannu ɗaya na riƙe belinsa.

Ya ce, "Ɗan'uwanki na kwance, za ki yi masa ƙarya saboda baƙo? Ba ki da kunya?"

Na tofar da jini na ce, "Kai ne mara kunya, ƙaton banza! Yau da safe ya yanke ta, da almakashina, a gabana. Ya ɗaure allura don kada ta hau. Ku je ku duba, ƙyallen zanin nan da ke jikina ne a naɗe a wurin. In babu, ku dawo ku kashe mu mu biyu."

Ya sunkuya zai sake ɗaukar bulon. Dattijon ne ya taka zuwa motar, ya sa hularsa ya kare hannu daga zafi, ya laluba a gefen injin, ya jawo wayar sama yadda kowa zai gani. Ga koren ƙyalle. Ya warware shi, ga ɗan abin rediyon nan ɗaure a bakin wayar. Ya dubi allura ta taga, ya murɗa makulli. Injin yana ta tururi, allura ta hau a hankali ta tsaya ƙasa da rabi.

Mai sifana ya saki sifanar, ya goge hannunsa a wando. Wasu suka fara sulalewa zuwa baburansu. Mahauci ya tsaya yana kallon Yaya, sannan ya tofa yawu a ƙasa. Ticha ya daina motsi a ƙarƙashina, na kira shi bai amsa ba.

A bayan motokin ɗaya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka loda su, Yaya yana nishi, Ticha shiru, ni a tsakiya. Duk ramin da muka faɗa sai hannun Ticha ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Na sa yatsuna a wuyansa har asibiti, ina jin bugun yana zuwa yana ɓacewa. Aka shiga da shi ciki da gudu. Matarsa ta iso da kayan coci a jikinta, ta dube ni, ta dubi jinin da ke rigata, ta wuce ciki.

Sai washegari aka bar ni na ga Yaya. An naɗe masa kai gaba ɗaya, baki da hanci kawai aka bari. Likita ya ce ido ɗaya ya tafi, ɗayan sai an kwance za a sani. Cikin abokansa babu wanda ya zo sai mahauci, shi ma ya zo ne ya gaya masa abin da na yi, ya fita. Na zauna a bakin gadon da hannuna a rataye.

Yaya ya ce, "Ke ce?"

Na ce ni ce.

"Matso."

Na matsa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya laluba, ya sami kafaɗata, ya sami kumatuna. Da ya tabbatar da wurin sai ya ja baya ya zabga mini mari da duk ƙarfin da ya rage masa. Masu jinya a ɗakin suka yi salati. Ban rama ba, ban kuma tashi ba. Na ce masa in za a sake, haka zan sake yi.

Ya daɗe yana numfashi ta baki. Can ya ce, "Ya mutu?"

Na ce bai mutu ba, ya farfaɗo da asuba. Haƙarƙarinsa sun karye, kunne ɗaya ya daina ji, hannun kuma an ce ba zai sake riƙe alli ba.

Ya ce, "Kai ni."

Nas ta hana, ya sauko da ƙafafunsa duk da haka. Na riƙe shi muka bi baranda a hankali, yana jan ƙafa, mutane suna ba mu hanya. Matar Ticha ta tare ƙofa da jikinta, mijin ya yi mata magana daga ciki ta matsa. Yana kwance, fuskarsa a kumbure, an ɗaure hannun a sama. Na tsayar da Yaya a gefen gadon. Yaya, wanda ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba tun da aka haife ni, ya durƙusa a kan simintin asibiti, ya laluba ya kama ƙarfen gadon.

Ya ce, "Ticha. Ticha, ni ne. Don girman Allah."

Ticha ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juyo da idonsa gare ni.

Ya ce, "Sista, na gode. Fitar da shi."

Na sa hannuna mai lafiya a hammatar Yaya na ɗaga shi, na fitar da shi.